Tauraron ɗan'adam zai iya gano 'yar aikatau?

Nura Samaru: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tunda Malam Isiyaku ya ce kowa ya kawo abin da ya sani a kan safarar mutane kafin zaman Asabar, ga nawa. A Jami'ar Nottingham ta Ingila akwai wata cibiya mai suna Rights Lab da ke farautar wuraren bauta da hotunan tauraron ɗan'adam. Aikin da ya fito da su shi ne na wuraren gasa jan bulo a Indiya da Pakistan da Nepal da Bangaladash. A can mai wurin zai ba magidanci bashi tun kafin a fara aiki, daga nan shi da matarsa da 'ya'yansa su shiga buga bulo, bashin kuma kullum ƙaruwa yake, har wani ya mutu ya bar wa ɗansa. Ba wanda ya san adadin wuraren. To amma daga sama suna da siffa: doguwar da'ira, da dogon bututun hayaƙi a tsakiya, ga inuwarsa a ƙasa. Sai Farfesa Doreen Boyd da abokan aikinta suka sa 'yan sa-kai suna duba hotuna suna alama, daga baya aka koya wa kwamfuta ta riƙa gane su da kanta. A 2018 suka ƙiyasta cewa wuraren sun haura 55,000. Tambayata ita ce, me ya hana mu yin irin wannan a Arewa? Ga sashen nazarin ƙasa nan a ABU, ga ɗalibai suna neman abin da za su rubuta.

Malam Isiyaku (shugaban zaure): Wa alaikumus salam. Madalla da Nura. Don a san girman abin: rahoton da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fitar a 2022 tare da hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) da ƙungiyar yaƙi da bauta ta Walk Free ya ce mutum kusan miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani, miliyan 28 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. Bismillah, amma a yi da ladabi.

Hajiya Rabi Tudun Wada: Nura ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma bari in tambaye ka. Akwai wata dillaliya da kowa ya sani a unguwarmu. Bayan an gama girbi za ta shiga ƙauyuka ta dawo da yara mata huɗu, biyar, kowacce da ƙullin kayanta a leda baƙa da silifas ɗin da aka saya mata a hanya. Kafin la'asar ta raba su gidaje. Wasu ma ba a Zariya za su tsaya ba, Kaduna da Abuja za a wuce da su. Yarinyar da ba ta gama famfara ba ita ce shara, wanke-wanke, goyo, ita ce ƙarshen kwanciya. Ƙarshen wata kuɗin ba ya bi ta hannunta, dillaliya ta zo ta karɓa, ta cire kamashonta, saura a aika wa uwa wai ana tarin kayan ɗaki. To tauraronka idan ya zo wucewa ta saman gidan, me zai gani? Kwano zai gani da tankin ruwa.

Nura Samaru: Hajiya, wannan kam ba zai gani ba.

Hajiya Rabi Tudun Wada: To ita ce bautar da ta fi yawa a garin nan.

Maman Khalifa: Haba Hajiya, kalmar bauta ta yi nauyi. Ni ina da yarinya a gida. Na sa ta a Islamiyya, abin da 'ya'yana suka ci shi take ci, da sallah tare nake musu ɗinki. A ƙauyensu talla za ta yi har dare. Uwarta da kanta ta roƙa a ɗauke ta. Idan na mayar da ita wa na taimaka?

Hajiya Rabi Tudun Wada: Ban kira sunan kowa ba, ƙanwata. Amma naki 'ya'yan boko suke zuwa da safe, ko?

Malam Isiyaku (shugaban zaure): Hajiya, Maman Khalifa, a dakata haka. Barista tana nan, ita za ta faɗa mana abin da doka ta ce. Mu ƙarasa da maganar Nura tukuna.

Alhaji Garba Direba: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na yi shekaru a kan titi, har Agadas na sha kai kaya kafin in dawo in zauna a Kwangila. Yaro, abin da nake so ka gane, hanyar nan da ake bi da mutane zuwa Libiya ba ɓoyayyiya ba ce. Daga Kano a bi ta Daura a shiga Damagaram, ko ta Jibiya a shiga Maraɗi, a haɗu a Agadas, daga nan Dirku, sai Sabha ta Libiya. A da ran Litinin motoci ke tashi a jere, har da rakiyar soja. Hilux ɗaya a cusa mata mutum sama da ashirin, a kakkafa sanduna a gefe, kowa ya rungume tasa ƙafafu na reto a waje, ga jarkokin ruwa an naɗe su da buhu. Wa ke buƙatar tauraro ya ga wannan? Mai shayi ma ya gani.

Abin da ya faru shi ne, Nijar ta yi dokar hana fasa-ƙwaurin mutane a 2015, da turawa suka matsa aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka riƙa yanke ta cikin rairayi da dare. Mota ta lalace a can, shi ke nan. Wani direban ma yana hango ƙurar sojoji zai sauke mutane ya ce yana zuwa. To idan ka ƙara wa masu kamu ido daga sama, ina kake zaton direba zai nufa? Can ciki zai ƙara nutsawa, da 'ya'yan mutane a bayansa.

Nura Samaru: Baba Alhaji, abin mamaki, maganar nan taka da hoton tauraron aka tabbatar da ita. Wata ƙungiyar bincike, Border Forensics, ta fitar da rahoto a 2023 inda ta bi sawun tayoyi a hamadar Nijar, ta nuna yadda hanyoyi suka rarrabu suka yi nesa da gari da ruwa bayan an fara aiki da dokar. A ƙarshen shekarar ne kuma gwamnatin soja ta soke ta. Ka ga ashe hoton yana iya zama hujja a kan masu mulki su ma, ba a kan direba kaɗai ba.

Alhaji Garba Direba: To da sun tambaye mu ai da mun faɗa musu kyauta.

Barista Maryam: Salamu alaikum. Akwai abu biyu da ake cakuɗawa a nan. Wanda ya biya direba da kansa don a tsallakar da shi iyaka, wannan fasa-ƙwaurin mutane ne. Safara kuwa ita ce a ɗauki mutum ta hanyar yaudara ko barazana ko bashi, da nufin a ci da guminsa ko da jikinsa. Sau da yawa na farkon ne ke rikiɗewa ya zama na biyu: yaro ya tashi da kuɗinsa, a Sabha a kulle shi a gida ana dukansa ana kiran iyayensa su ji kukansa, ko a sayar da shi kamar yadda CNN ta nuna a 2017. Mota ɗaya, mutum ashirin, wani fasinja ne wata kuma an riga an yi cinikinta. Daga sama duk kai ne.

A kotu abin da alƙali ke nema shi ne wa ya ce me, nawa aka ce bashin, wa ya riƙe fasfo. Mata nawa ne daga nan aka yi wa biza da sunan Umara ko aikin gida a ƙasashen Larabawa, suna sauka ejan ya karɓe fasfo? Ta filin jirgi suka bi, da tambarin hukuma. Babu sawun taya da za a bi.

Maganar 'yan aikatau kuma, tunda Malam ya ce in yi: NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, an kafa ta a 2003, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2015 ce. A cikinta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne da ake ɗauri a kansa, ko da ana kyautata masa. Wanda ya haura haka kuma, in aikin na cutar da lafiyarsa ko tasowarsa, shi ma laifi ne. Kuma idan yaro bai kai 18 ba, "ai uwarta ta yarda" ba ya wanke kowa daga tuhumar safara.

Maman Khalifa: Ikon Allah. To rabin garin nan sai a ɗaure.

Barista Maryam: Shi ya sa ba a cika kai irin wannan ƙara ba, Maman Khalifa. Mai kai ƙarar ma in an leƙa gidansa akwai.

Nura Samaru: Anti Barista, na yarda da duk abin da kika ce, amma kada a yi wa tauraron rashin adalci. Ga labari ɗaya. A 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP suka je wani tsibiri a Indunusiya mai suna Benjina, suka tarar da masunta, yawancinsu 'yan Myanmar, an riƙe su shekaru a jiragen kamun kifi ba albashi, wasu a kulle cikin keji. Suka ga an loda kifin a wani babban jirgi, suka bi siginarsa ta tauraro har ya isa Tailan, daga nan suka bi motocin da suka kwashi kifin zuwa masana'antun da ke sayar wa Amurka. Da labari ya fashe wasu jiragen suka gudu da mutane a ciki. Kamfanin DigitalGlobe ne ya juya tauraronsa ya ɗauko hoton jirage a ruwan Papua New Guinea. A ƙarshe mutum sama da 2,000 suka koma gida, aikin ya ci lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer a 2016. Ba don tauraron ba, wa zai nemo jirgi a tsakiyar teku?

Barista Maryam: Labarin gaskiya ne. Amma ka sake karanta abin da ka rubuta. Sai da mutum ya taka tsibirin, ya leƙa kejin, ya yi magana da wanda ke ciki. Bayan nan tauraron ya shigo. Ko na jan bulon haka yake: hoton wurin gasa bulo yake nunawa, ba ya nuna cewa ana bauta a ciki. Cikin 55,000 ɗin akwai waɗanda ke biyan ma'aikata haƙƙinsu. Dole jami'in ƙwadago ya hau babur ya je. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Sadiya Kongo: Ni tambayata daban. Wai tauraron nan yana ganin fuskar mutum ne kamar yadda ake nunawa a finafinai? Kuma ina namu na Najeriya da aka yi ta shela?

Nura Samaru: Ko kusa. Bari in warware. Wanda kowa ke samu kyauta shi ne Sentinel-2 na Tarayyar Turai. Kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, yana dawowa wuri ɗaya duk bayan kamar kwana biyar. Da shi za ki ga gona, rami babba, sabon sansani, amma ƙaramar mota ba ta cika ɗigo ɗaya ba. Landsat na Amurka ɗigonsa mita 30, amfaninsa tarihi, tun 1972 ake ɗauka. Masu kaifin su ne na 'yan kasuwa, ɗigo kamar santimita 30. Da su ana gane mota da rumfa da taron mutane, ba a gane fuska, kuma da dala ake saye. Sannan ba bidiyo ba ne. Yawancinsu da hantsi suke wucewa su ɗauki hoto ɗaya su tafi. Tirelar da ta tashi da samari da tsakar dare ba ta cikin lissafi. A damina gajimare ya rufe, a hunturu hazo ya dusashe hoton. Akwai masu amfani da rada irin Sentinel-1 da ke ratsa gajimare da duhu, amma karanta hotonsu sai wanda ya koya.

Namu kuwa, hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Na biyun ɗigonsa mita biyu da rabi, a lokacinsa abin alfahari ne. Shekara bakwai aka tsara zai yi, ki lissafa da kanki. Akwai kuma cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos. Ni dai a Samaru da na kyautan muke aiki, in an samu wuta da data.

Malam Shehu Ƙofar Doka: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Yaro, Allah ya ƙara basira. Amma mu a jihar nan mun san abin da gani daga sama ya yi. Daren 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutane suna Mauludi. Wanda ke kallo daga sama ya ga taro ya ɗauka 'yan bindiga ne. Hukuma da kanta ta ƙirga gawa 85, sojoji suka ce kuskure ne. To ni duk wanda zai ce mini ya hango wani abu daga sama, tambayata ta farko, wa zai ba, kuma shi wancan me zai yi da shi?

Nura Samaru: Allah ya gafarta Malam, Allah ya jiƙansu. Wancan jirgi marar matuƙi ne, ba tauraro ba. Amma tsoron naka yana nan daram, domin matsalar ɗaya ce, mai kallo bai san su wa yake kallo ba. Shi ya sa masu wannan aikin na kirki ba sa miƙa hoto a matsayin hukunci.

Ga inda nake ganin zai yi mana aiki na gaske, kuma ba a cikin gari ba ne. Na farko ramukan zinare. A Zamfara an ga abin da ya faru a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar a 2019, ba a daina ba. Haka yankin Birnin Gwari. Ramin haƙa ba ya ɓuya: ƙasa ja ta fito a tsakiyar kore, ga kududdufan wanki, ga rumfunan leda. Ka jera hoton bara da na bana ka ga inda sabon wuri ya ɓulla da saurin girmansa. Inda duk aka yi irin wannan, akwai yaran da ake zurawa cikin rami saboda ƙanƙantar jikinsu. Na biyu gonakin daji. An sha ba da labarin 'yan bindiga suna tilasta wa mutanen ƙauye su yi musu noma da girbi. Gonar da aka share a tsakiyar dajin Kamuku ko Kuyambana, inda doka ba ta yarda a yi noma ba, Sentinel na kyauta ma zai nuna ta. Kuma zai nuna ƙauyen da gonakinsa suka koma saura saboda an gudu.

Ɗan Giwa: Wannan na biyun gaskiya ne, a dangina an yi. Saƙo ake aikowa ga mai gari, gobe a turo mutum kaza da fartanyarsu. Ba a biya, abinci ma kai za ka je da naka. Wanda ya ƙi, garin ne zai biya. Amma Malam Nura, ka yi haƙuri, wa ka ji ya ce bai san inda gonakin suke ba? Mutanen da suka yi noman za su iya kai ka da ƙafa. Sun faɗa, ba sau ɗaya ba.

Nura Samaru: Sun faɗa, aka ce jita-jita ce. Mutumin ƙauye in ya yi magana da sunansa kwanansa ya ƙare. Hoto ba a sace shi, ba a bi shi gida da dare. Kuma yana da kwanan wata. Ka tuna harin Boko Haram a Baga a Janairun 2015? Ana ta musu a kan girman ɓarnar, sai Amnesty ta fito da hotunan kafin da bayan harin, gine-gine sama da 3,700 a Baga da Doron Baga sun ƙone ko sun lalace. Musun ya ragu.

Barista Maryam: Nan kam ina tare da kai. A matsayin abin da ke tallafa wa shaidar mutum, yana da ƙarfi. Lauya zai so ya riƙe shi.

Hajiya Rabi Tudun Wada: To na ji. Daji naku ne da tauraronku. Amma ku tuna gidan nan na Rigasa a 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, har da ƙananan yara. A tsakiyar unguwa yake, ga maƙwabta ta ko'ina, ga masu kai abinci. Daga sama gida ne kamar kowane gida. Sai da wani ya buɗe baki aka je. Mu matsalarmu ba rashin ido ba ce, kowa "ba ruwana" yake yi, kuma in ka yi magana a ce ka tona asirin mutane.

Alhaji Garba Direba: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ko a tasha muna gane su. Mace ɗaya da yara shida, ba mai kama da wani, ka tambayi yaro sunanta ya tsaya kallonta. Wani lokaci a kira shugaban tasha, wani lokaci a ce mota ta cika a tafi.

Malam Isiyaku (shugaban zaure): To ga abin da za a yi ran Asabar bayan la'asar. Nura ka zo da kwamfutarka ka nuna mana abin da ake gani a kewayen Zariya, wuraren fasa dutse da na ɗiban yashi a bakin Galma, mu ga ko akwai inda ba mu sani ba. Alhaji Garba, in za ka iya zuwa da ɗaya daga shugabannin tasha, muna so. Barista za ta yi bayanin yadda ake kai rahoto ga NAPTIP ba tare da an fallasa mai kaiwa ba.

Barista Maryam: Sharaɗi ɗaya. Nura, kada ka ɗora taswirar a Facebook ko a zauren nan da alamar wuri. Mai wurin ma yana da waya. In ya ga an zagaye raminsa da jan layi, yaran zai kwashe kafin kowa ya je, sannan ya fara neman wanda ya yi magana a ƙauyen.

Nura Samaru: An gama, Anti. A kwamfutata kawai za ta zauna. Sai dai a tanadi janareto.

Maman Khalifa: Barista, na tambayi yarinyar nan shekarunta ta ce ba ta sani ba. Dillaliyar ce ta ce mini sha uku. Yaya ake tabbatarwa?

Barista Maryam: Ki yi mini magana ta gefe, Maman Khalifa. Ki fara nemo lambar mahaifiyarta da kanki, ba ta hannun dillaliyar ba.